Me Baba Mai Mangoro ya je nema a Dougirei?

Ranar da aka tsige Murtala Nyako, gwamnan Adamawa, ya bar Dougirei, wato gidan gwamnatin jihar, muna cikin azumi. Talata ce, 15 ga Yulin 2014. Bayan an idar da asham muka hallara a teburin mai shayin unguwarmu a Jimeta kamar yadda muka saba, sai dai daren nan ba wanda ya damu da suyar ƙwai. Rediyo na rataye a jikin ƙusa yana ta zuba, kowa na magana, babu mai sauraron wani. Wasu na cewa Allah Ya raka taki gona, wasu na rantsuwa cewa Abuja ce ta ci mutuncin dattijo. Kawuna, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Yola da Legas, bai ce uffan ba sai da hayaniyar ta lafa. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi, ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutum yana da mangoron nan, me ya kai shi neman gwamna?"

Aka kwashe da dariya aka wuce. Yau fiye da shekara goma ke nan, kuma har yanzu ban ji wanda ya yi tambayar da ta fi ta Kawu ma'ana a kan mutumin nan ba.

Matasan yanzu sun san Nyako a matsayin gwamnan da majalisa ta kora. Waɗanda suka ɗan manyanta sun san Baba Mai Mangoro. Ƙalilan ne ke tuna cewa kafin duka wannan ya yi shekara 30 cur cikin fararen kayan sojan ruwa, har ya kai ƙololuwar aikin. Haifaffen Mayo-Belwa ne, garin da babban ruwan da yaro zai buɗe ido ya gani shi ne kogin da ya ba garin suna. Ya yi sakandare a Yola, ya shiga aikin sojan ruwa a watan Yunin 1963. A lokacin rundunar shekararta bakwai kacal da kafuwa, kuma Bature ne ke shugabantarta, don sai a 1964 Joseph Wey ya zama ɗan ƙasa na farko da ya karɓi ragamarta. Sa'o'insa 'yan Arewa masu sha'awar kaki, irin su Buhari da Babangida da Abacha, duk kwalejin sojan ƙasa ta Kaduna suka nufa. Shi ya yi kudu, daga can aka tura shi kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth a Ingila, ya fito ƙaramin hafsa a 1965.

Nakan yi tunanin yadda aka karɓi labarin a gida. Bafulatanin da ya tashi cikin shanu ya ce zai yi aiki a kan teku, ruwan da ba a sha, ba a shayar da dabba, ba a ganin gaɓarsa. Har gobe mu 'yan Arewa kallon baƙon abu muke yi wa aikin nan, kamar na mutanen bakin ruwa ne kaɗai, alhali sunayen jiragen ma da harshenmu aka raɗa wa wasunsu. Akwai Dorina, akwai Damisa, akwai Kyanwa, ga Kada da aka kawo a 'yan shekarun nan. Babban jirgin yaƙin da aka ƙera mana a Hamburg ta Jamus, wanda ya fara aiki a 1982, sunansa Aradu. Najeriya na da gaɓar teku ta kilomita fiye da 850, kuma ta nan ɗanyen mai ke fita, ta nan taki da magani da kayan gyaran mota ke shigowa kafin motoci irin na Kawu su kwaso mana su. Mun fi kusa da teku fiye da yadda muke zato.

Gwamnancinsa na farko bai neme shi ba, ba shi aka yi. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro sababbin jihohi, aka yanko Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, aka ce Nyako ya je Minna. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala. Yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ya kafa jiha daga tushe, ya yi kusan shekara biyu, a Disambar 1977 ya miƙa wa wani sojan ruwan, Ebitu Ukiwe, ya koma bakin aikinsa. A riƙe wannan a zuciya, don za mu dawo kansa: gwamnan soja ba shi da majalisar dokoki, ba shi da jam'iyya, ba shi da daliget. Abin da ya sa wa hannu shi ne doka, kuma mutum ɗaya yake tsoro, shugaban ƙasa na soja da ke zaune a barikin Dodan a Legas.

Daga nan ya ci gaba da hawa, ya riƙe rundunar yamma da ke Legas, ya riƙe sashen horarwa, a watan Janairun 1990 Babangida ya naɗa shi Babban Hafsan Sojan Ruwa. Bai samu sararin gyara zama ba. Wata uku da hawansa Manjo Gideon Orkar ya yi yunƙurin juyin mulkin nan da ya ce ya cire Sakkwato da Kano da Katsina da Bauchi da Borno daga Najeriya. A watan Agusta kuma jiragen ruwan Najeriya suka kwashi dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, ECOMOG, zuwa Monrobiya ta Laberiya, suka sauke su a tashar da ake ɓarin wuta. A 1992 ya zama Mataimakin Babban Hafsan Tsaro, ya yi ritaya a Satumbar 1993 da muƙamin Bais Admiral, ƙasa tana tsakiyar rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya isa a sa sunansa a kan titi a rufe littafi. Amma abin da ya sa nake ganin girman mutumin ya zo ne bayan ya tuɓe kaki.

Mun san yadda manyan hafsoshinmu ke yin ritaya. Gida a Maitama, kujera a hukumar gudanarwar wani banki, lasisin wani abu da ba a gani. Gona in akwai ta, ta hutun ƙarshen mako ce, a ajiye dawaki da ɗawisu. Nyako ya koma Mayo-Belwa ya kama noma da gaske a gonar Sebore. Ya haɗa shanunmu da na Turai masu yawan nono, ya dasa mangoro mai aure, irin wanda ba shi da zare, ya riƙa fitar da shi zuwa Turai. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka loda buhu ne a mota. Mangoron da zai shiga kasuwar Turai sai an tsinke shi da hannu kafin ya nuna, kada ya taɓa ƙasa, a wanke, a ware shi daidai girma, a jera a kwali, a riƙe shi cikin sanyi tun daga gona har inda za shi. In aka samu tsutsar ƙuda a ɗaya, sai a ƙi kayan gaba ɗaya. Ana yin wannan ne daga wurin da ke da tafiyar yini biyu a mota zuwa tashar ruwa, a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa gaisuwa ta koma.

A ganina wannan aikin sojan ruwa ne aka sauya masa wuri. Wanda ya yi rayuwa a jirgi ya san cewa inji ba ya jin magiya. Ruwan sha ƙirge yake, mai ƙirge yake, abinci ƙirge yake, kuma ƙusar da ka ƙi ɗaurewa a tasha za ta tuna maka da kanta a tsakiyar teku inda babu makanike. Ana karɓar aiki a kan lokaci, ana miƙa shi a kan lokaci, ana rubuta komai. Wannan tarbiyyar ce noman zamani ke bukata, kuma ita ce ta yi mana ƙaranci. Muna da ƙasa, muna da ruwa, muna da hannaye. Mai tsayawa a kan ƙa'ida har kaya su isa lafiya shi ne ba mu da shi da yawa. Sunan Baba Mai Mangoro ba maroƙa suka raɗa masa don kuɗi ba, talakawa ne suka ga abu da idonsu suka kira shi da shi. Har shugabancin ƙungiyar manoma ta ƙasa ya riƙe.

Sai 2007 ta zo. Obasanjo da mataimakinsa Atiku ba sa ga maciji, Adamawa ta zama fagen daga, PDP na neman wanda zai karɓe jihar daga hannun mutanen Atiku bayan Boni Haruna. Ga dattijo mai suna mai kyau, ga tarihi, ga farin jini. Nyako ya tsaya, ya ci.

Tun daga nan kujerar ba ta taɓa zama masa daram ba. A Fabrairun 2008 kotu ta soke zaɓen saboda an hana ɗan takarar jam'iyyar AC, Ibrahim Bapetel, haƙƙinsa na shiga. Kakakin majalisa James Barka ya riƙe, aka sake zaɓe a Afrilu Nyako ya dawo. A Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta ce wa'adinsa da na wasu gwamnoni huɗu ya riga ya ƙare, ya sauka, kakakin majalisa na lokacin Ahmadu Fintiri ya riƙe, aka yi zaɓe ya sake dawowa. A tsakani ya yi faɗa da kusan duk wani babba na jihar, har da waɗanda suka kawo shi. Rigimarsa da Bamanga Tukur, ɗan jiharsu kuma shugaban PDP na ƙasa, ta raba jam'iyyar gida biyu. A Nuwambar 2013 shi da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi da Abdulfatah Ahmed suka tattara suka koma APC. A Afrilun 2014 ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙar nan da ya zargi gwamnatin Jonathan da kisan ƙare dangi a Arewa. Wata uku bayan wasiƙar aka tsige shi.

Ba zan ce bai yi komai a mulki ba. Ya buɗe cibiyoyin koyon sana'a da na koyon noma, kuma a nan ne kaɗai nake hango manomin a cikin gwamnan. Amma ka tare mutumin Adamawa ka ce ya faɗa maka abin da ya tuna da shekara bakwai ɗin nan. Kafin ya ambaci cibiya zai ambaci laƙabin da 'yan adawa suka manna wa gwamnatin, ta iyali da abokai. Zai ambaci rigimar albashi da ma'aikata. Ko laƙabin adalci ne ko sharri, ya kama, kuma ya zauna a inda sunan mangoro yake zaune a da.

Me ya faru? Masu son sa za su ce maƙiya ne. Ban musa akwai maƙiya ba, amma wane gwamna ne ba shi da su? Abin da nake gani shi ne mutumin ya shiga Dougirei da ilmin Minna ta 1976. A jirgi kyaftin ɗaya ne, in ya ce a juya dama babu mai ɗaga hannu ya nemi ƙarin bayani. A gona ma bishiya ba ta sauya sheƙa. Ita kuwa jihar da ake zaɓe, musamman Adamawa mai ƙabilu barkatai da addinai biyu da manya masu ji da kansu a kowane lungu, sai ka zauna da wanda ba ka so, ka sha shayi da wanda ya zage ka jiya, ka bar wa abokin hamayya hanyar da zai fita ba tare da ya ji kunya ba. Majalisar jihar mutum 25 ce. Gwamnan da ya kai matsayin da kashi biyu cikin uku na mutum 25 za su sa hannu a kore shi, ko da kuɗin Abuja a ciki, to ya daɗe da barin gidansa ba gadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan bai wanke waɗanda suka tsige shi ba, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa Allah Ya ƙara. Ba a miƙa masa takardar tuhuma hannu da hannu ba, a jarida aka buga. A Fabrairun 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Yola ta ce tsigewar haramtacciya ce, ta ce a biya shi haƙƙoƙinsa. A Disambar shekarar Kotun Ƙoli ta ƙi mayar da shi kan kujera. Wato an tabbatar an karya doka, amma wa'adin ya riga ya wuce, wanda ya ci ya ci. Haka mataimakinsa Bala Ngilari, da aka ce ya yi murabus rana ɗaya da tsigewar, kotu ta ce murabus ɗin bai inganta ba, aka rantsar da shi gwamna a watan Oktoba ana saura kwana kaɗan a yi zaɓen cike gurbi. Gwamna uku muka yi a 2014: Nyako, Fintiri da ya sake riƙewa bayan tsigewar, da Ngilari.

Kuma a tuna wace shekara ce. Jihar na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Mayun 2013. Lokacin da manyanmu ke kai gwauro da mari tsakanin majalisa da kotu, Madagali ta faɗi, Michika ta faɗi, a ƙarshen Oktoba Mubi, gari na biyu a jihar, ya faɗa hannun Boko Haram. Na ga mutanen da suka iso Yola a ƙafa, ƙafafu a kumbure, mace ɗauke da ɗan da ba nata ba don ta tsince shi a hanya. A gidanmu mutum goma sha ɗaya suka sauka a ɗaki biyu. A lokacin da jihar ta fi bukatar wanda ya san harkar tsaro daga ciki, wanda zai ɗaga waya ya kira hafsoshin da suka taɓa sara masa, tsohon Babban Hafsan Sojan Ruwan ƙasar ya bar ƙasar. Na kasa yanke wa zan fi jin haushi, shi da ya ƙone gadojinsa da Abuja da wasiƙa mai zafi, ko su da suka ga wannan ne lokacin rama gayya.

Bayan ya dawo a 2015 EFCC ta gurfanar da shi da ɗansa Abdul'aziz, shi ma tsohon sojan ruwa, kan zargin Naira biliyan 29. Sun musa. Alƙalin farko ya rasu aka koma farko, na biyu ya samu ƙarin girma aka sake komawa farko a 2024. Ba ni da hurumin cewa ya ci ko bai ci ba, aikin kotu ne. Abin da na sani shi ne dattijon da ya haura tamanin ya kwashe shekarun da ya kamata yana zagaya gona da ɗalibai a bayansa yana hawa matakalar kotu a Abuja.

Za a ce mini, to in mutanen kirki masu tarihi ba su shiga siyasa ba, a bar wa wa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na cewa tsohon soja ba shi da 'yancin tsayawa takara. Ɗan ƙasa ne, tsarin mulki ya ba shi. Damuwata da mu ce, mu da muke tasowa cikin motocin haya mu je gidan duk wanda ya yi fice mu durƙusa mu ce jama'a na kira. Likita ya ƙware, mu ce ya fito sanata. Malami ya gyara jami'a, mu ce ya fito gwamna. Manomi ya kai mangoro Turai, mu raba shi da gonar. Kamar ba mu yarda mutum ya cika ba sai an yi masa jiniya. Kuma gaskiya ba don Allah muke zuwa ba, mun san cewa a ƙasar nan kwangila da muƙami da kujerar Makka daga gidan gwamnati suke fitowa, gona kuwa sai dai ta ba ka aiki.

Lissafin da nake yi mai sauƙi ne. Adamawa ba ta taɓa rasa mai son zama gwamna ba, kowane zaɓe sai an tankaɗe an rairaye. Amma mutum nawa muke da su da suka san yadda ake ɗaukar ɗanyen kaya daga Mayo-Belwa a sauke shi lafiya a kantin Turai, kuma suna da sunan da zai buɗe musu ƙofar banki da ta ma'aikata? Da shekara bakwai ɗin nan ya zuba su wajen yaye manoma dubu da suka iya aure bishiya da tsinka da adanawa, da wata masana'antar matse ruwan mangoro, ina jin da yau ba mu da gardama a kan abin da ya bari.

Abin ma bai tsaya a kansa ba. A Maris ɗin 2025, da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Ribas ya dakatar da Gwamna Fubara da majalisa, wa aka ɗauko ya riƙe jihar wata shida? Wani tsohon Babban Hafsan Sojan Ruwa, Ibok-Ete Ibas. Har yanzu in siyasa ta cukurkuɗe, tunaninmu na farko a nemo mai ba da oda. Muna da tsofaffin hafsoshi da ƙasa ta kashe dukiya ta horar a Ingila da Indiya da Amurka, sun iya sarrafa jiragen ruwa, sun iya lissafin kaya da jigila, sun iya horar da matasa, yawancinsu kan bar aiki da sauran ƙarfinsu. Ga kogin Binuwai ya ratsa Yola ya bi Numan har Lakwaja, a da jiragen kaya na zuwa har Garwa ta Kamaru da damina, yanzu sai kwalekwale, kuma duk shekara sai mun ji ya kife da 'yan kasuwa ko 'yan biki babu rigar ruwa ko ɗaya. Wannan aiki ne da ke jiran irinsu, ba ya bukatar daliget.

Bara da lokacin mangoro na ɗauki Kawu za mu gaisuwar rasuwa Ganye. Yanzu ba ya tuƙi, ido ya yi rauni, sai dai ya zauna gaba yana gyara mini hannu. Daga Ngurore zuwa Mayo-Belwa duk inda muka rage gudu sai yara mata su yanyame motar da robobi, kowace na miƙo nata ta taga. A bayansu, ƙarƙashin bishiyoyi, ga tsibin wanda ya kwana biyu bai samu mai saye ba, ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe shi, awaki ma sun gaji sun kwanta. Na tambayi wata nawa roba, ta faɗi kuɗin da bai kai na lita ɗaya ta fetur ba, tun ban taya ba ta rage.

Kawu ya karɓi ɗaya ya shinshina, ya matsa shi da babban yatsa, ya mayar mata.

"'Yata, wannan mai zare ne. Babu mai aure?"

Ta ce akwai, amma sai mun ƙara gaba kaɗan, kuma shi da tsada.